Akushi da Ma'auni: Jawabi a Kan Ƙiba da Ɗabi'unmu na Cin Abinci

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ciyar da mu ya shayar da mu ba da wayonmu ko dabararmu ba, da salati ga fiyayyen halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yau za mu yi magana ne a kan wani al'amari wanda da a zamanin kakanninmu wani ya tsaya gaban jama'a ya kira shi matsala, da an ce bai san halin da ƙasa take ciki ba. Wato ƙiba, da yadda ɗabi'unmu na ci, da irin matsayin da muka ba abinci a zukatanmu, suke ɗora wa jiki nauyin da ya fi ƙarfinsa.

Na sani a cikin masu saurarena akwai magidancin da bai san inda mudun hatsin gobe zai fito ba, kuma ina roƙon Allah ya yalwata masa. Amma abin da likitoci suke gani a asibitocinmu shi ne, sau da yawa a unguwa ɗaya, kai, har a gida ɗaya, za a tarar da yaro mai tamowa a ɗaki guda, a ɗaki na kusa kuma ga uwa ko kaka wadda nauyin jiki ya hana ta yin sujada sai a kan kujera. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana ɗauke da ƙibar da ta kai matsayin cuta, wato jimillarsu ta haura biliyan ɗaya, kuma a tsakanin manya abin ya ninka fiye da sau biyu daga shekarar 1990 zuwa lokacin. Wannan ƙaruwa kuwa ta daɗe da wuce ƙasashen Turai da Amurka, ta iso biranen Afirka, ta iso Kano da Kaduna da Maraɗi da Yamai, tare da 'yan rakiyarta da kowa ya sani: ciwon sukari, da hawan jini, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon gwiwa.

Kafin mu shiga batun ɗabi'a, ya kamata mu fahimci hikimar da Allah ya sanya a cikin jikin ɗan Adam. Jiki yana da rumbu, kamar yadda manomi yake da shi, kuma rumbun nan shi ne kitse. Duk abin da mutum ya ci, jiki zai ɗebi abin da yake bukata na numfashi da bugun zuciya da tafiya da aiki, abin da ya ragu kuwa ba ya zubar da shi, sai ya kai ajiya domin ranar da babu. Masana suna auna ƙarfin da ke cikin abinci da ma'aunin da suke kira kalori, kuma sun tabbatar cewa giram ɗaya na garin hatsi tsantsa ko na sukari yana ba da kimanin kalori 4, giram ɗaya na mai kuwa yana ba da 9, fiye da ninki biyu; saboda haka babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana ɗauke da kusan kalori 120, wanda kafin babban mutum ya ƙone shi sai ya yi tafiyar kusan rabin sa'a da sauri. Sai mai saurare ya tuna da ludayin man da ake kwarara a kan shinkafa da wake, ko a kan ɗanwake, ya yi lissafi da kansa. Ƙiba ba ta zuwa dare ɗaya. Rarar da ba ta taka kara ta karya ba, idan ta ƙara wa mutum rabin kilo a wata, a shekara ta zama kilo shida, a shekara biyar kuma sai ya nemi wandonsa na aure ya tarar ba ya hawa ko cinya.

To, ɗabi'unmu na ci ba daga sama suka faɗo ba, zamani ne ya koya mana su, kuma a zamaninsu sun yi daidai. Ƙasar nan ta ga yunwar da ake kira Kakalaba a shekarar 1914, ta ga farin 1973 wanda ya kashe dabbobi ya raba mutane da garuruwansu, kuma dattawan da suka ga na ƙarshen suna nan da ransu. Ko a shekarar da damina ta yi albarka ma, akwai watannin nan na tsakiyar damina da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Mutumin da ya taso cikin irin wannan hali, ba laifinsa ba ne idan ya ɗauki cikar ciki a matsayin ni'ima mafi girma, ya ɗauki rama alamar wahala. Haka kuma malmalar tuwon da manomi yake ci da dare, tun da hantsi ya biya kuɗinta da gumi a bakin kunya, riƙe da garma ko fartanya. Matarsa kuwa ta yi surfe, ta yi bakace, ta yi daka ko niƙa a kan dutse, ta jawo guga daga rijiya mai gaba ashirin, ta ɗauko tulu a ka, ga goyo a baya. Irin wannan jiki, duk abin da aka zuba masa cinyewa yake yi, ba ya barin rara.

Yau aikin ya tafi, akushin kuwa yana nan yadda yake, har ma ya ƙaru. Injin niƙa ya karɓi aikin turmi da dutse, famfo da 'yan garuwa sun karɓi aikin guga, babur da A Daidaita Sahu sun karɓi aikin ƙafa, har ta kai ga saurayi mai jini a jika yana hawa abin hawa domin tafiyar da kakansa zai yi kafin ya gama lazimin safe. Ku dubi ɗan kasuwa ko ma'aikacin ofis wanda ya fito ba tare da ya karya ba, ya wuni a zaune, bayan isha'i ya ci tuwon gida, sa'an nan ya fita hira ya zauna a bencin mai shayi: a tsaga masa Indomie biyu, a fasa ƙwai uku a soya da mai har yana iyo, a yanko burodi a shafe shi da bota, a haɗa shayi mai kauri, a zuba madara, a zuba sukari cokali huɗu ko biyar, a yi ta sheƙa shi daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa, ya ci ya sha, ya taka 'yan taku kaɗan zuwa gida, ya kwanta. Wannan zama ɗaya na iya haura rabin abin da jikinsa yake bukata a yini guda, alhali kuwa shi a ransa bai lissafa shi cikin abinci ba, ya ɗauke shi ɗan taɓa ka lashe ne kawai.

Amma abin da na fi so mu tsaya a kansa yau shi ne abin da ke bakunanmu na yabo da zargi, domin a nan ne al'amarin ya fi ƙarfi. Idan mutum ya yi tafiya ya dawo da tumbi, cewa muke yi ya samu wuri, hutu ya karɓe shi. Idan amarya ta je ganin gida bayan wata uku, abin da gwaggonninta suke fara dubawa shi ne kumatunta da wuyanta, in ta cika a ce miji yana riƙonta da kyau, in kuwa tana nan yadda ta tafi sai a ja ta gefe a tambaye ta ko akwai abin da ke damunta. Idan magidanci ya rage ciki da gangan domin lafiyarsa, sai abokai su fara tambayarsa ko jinya ya yi, wasu ma su koma gefe suna zargin wata cuta da ba sa so su ambata. Baƙo kuma, idan ya tsame hannu, sai mai gida ya ce, “Haba Malam, ai ba ka ci komai ba, don Allah ƙara,” shi kuma saboda kara da kunya sai ya mayar da hannu cikin kwano alhali ya ƙoshi. Yaro ƙarami ya ture kwano, uwa ta ce sai ya cinye tas, ko ta yi masa alkawarin alewa idan ya cinye. Da haka ake koya masa tun yana ƙarami ya daina sauraron cikinsa, ya riƙa sauraron kwano. Duk waɗannan abubuwa daga ƙauna suke fitowa, da karamci, da girmama baƙo, waɗanda siffofi ne na alheri da ba na fatan mu rabu da su har abada. Abin da nake cewa shi ne, ƙaunar da take auna kanta da yawan loma tana iya cutar da wanda ake ƙauna ba tare da mai yin ta ya sani ba.

Ba mu kaɗai ne muke da wannan ra'ayi ba. A ƙasar Muritaniya an daɗe da al'adar ɗura wa 'yan mata madarar raƙumi da dambun gero domin su yi jiki kafin aure, haka ma a wurin Larabawan Azawak na Jamhuriyar Nijar, kuma mutanen Efik na Kalaba suna da ɗakin da ake killace budurwa a yi ta ciyar da ita. Mu a nan abin ya ɗauki wata siffa wadda a ganina ta fi waɗancan haɗari, wato ƙwayoyin da 'yan mata suke saya a kasuwa da kantunan magani ba tare da takardar likita ba, waɗanda ake yi wa laƙabi da sha-ka-fashe. Galibi a cikinsu akwai maganin borin jini mai buɗe ciki da sa barci, akwai kuma deksametazon, magani mai ƙarfi wanda likitoci suke bayarwa da ƙa'ida domin wasu cututtuka masu tsanani. Wanda ya daɗe yana shansa, fuskarsa za ta kumbura ta yi zagaye, kitse ya taru a ciki da ƙeya, ruwa ya taru a jiki, sukarin jini da hawan jini su tashi, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi. Abin da ake gani a ce ta yi kyau, alama ce ta cuta. Ina kira ga iyaye mata da masu gyaran amare da su ji tsoron Allah a kan wannan. Wadda kuwa ta riga ta daɗe tana sha, kada ta yanke shi rana ɗaya, domin yankewar farat ɗaya ita ma tana da haɗari, sai ta je asibiti a janye mata shi sannu a hankali.

Akwai kuma maganar yadda ake cin abincin kansa. Tsakanin ciki da ƙwaƙwalwa akwai saƙonni da suke kai da kawowa, wasu na yunwa wasu na ƙoshi, kuma sai a shekarar 1994 ne wani masani mai suna Jeffrey Friedman, tare da abokan aikinsa a birnin New York, suka gano ɗaya daga cikinsu, wanda kitsen jiki da kansa yake aikawa. Saƙon ƙoshi kuwa ba ya isa nan take, yakan ɗauki kimanin minti ashirin, saboda haka wanda ya saba da cin gaggawa, kamar yadda da yawanmu muka saba tun muna yara muna rububin kwano ɗaya da 'yan'uwa, yakan wuce ƙoshi kafin ya ji labarinsa. Mai ci yana kallon talabijin ko yana latsa waya ma haka, hannu yana kaiwa baki alhali hankali yana wani wuri. A shekarar 2019 wani mai bincike a Amurka, Kevin Hall, ya ajiye mutum 20 a asibiti na tsawon mako huɗu, mako biyu ana ba su abincin masana'anta irin na leda da gwangwani, mako biyu kuma abincin da aka dafa daga asalinsa, aka ce kowa ya ci iyakar son ransa. Sai aka tarar a makonnin abincin masana'anta suna ci da sauri, suna ƙara kimanin kalori 500 a kowace rana, har suka ƙara kusan kilo ɗaya, a ɗaya makonnin kuma suka sauke kwatankwacinsa. Mutanen dai su ne, halinsu bai sake ba, abincin ne ya bambanta. Wannan ya sa nake jin takaici idan na ga ana raina tuwon dawa da miyar kuka, da dambun zogale, da kwaɗon rama, da faten wake, da furar gero, ana kiransu abincin ƙauye, ana ɗaukaka farar fulawa da taliyar leda. Alhali hatsin da ba a cire masa dusa duka ba, da wake, da ganye, su ne suke daɗewa a ciki su riƙe mutum har lokacin ci na gaba.

Abin sha mai zaƙi kuwa ya fi kowane ɓoye kansa, domin ba ya cika ciki ballantana ya kai saƙon ƙoshi. Galibin lemon kwalba yana da kimanin giram 10 na sukari a kowace mililita 100, wato robar rabin lita ɗaya ta kai ƙaramin cokali goma sha biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a shawarar da ta fitar a shekarar 2015, ta ce abin da ya fi ga babban mutum shi ne kada sukarin da yake ƙarawa ya wuce kimanin giram 25 a yini, ƙaramin cokali shida ke nan. Gwamnatin Nijeriya ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021, amma haraji ba zai shiga cikin gida ya ƙirga cokulan da ake zubawa a koko da kunun zaƙi da zoɓo da fura ba. Wannan aikin uwar gida ne da mai gida.

Abin mamaki shi ne, ma'aunin da likitoci suke kira gare shi yau yana cikin abin da muke karantawa a makarantun zaure. A aya ta 31 ta Suratul A'arafi, Allah Ta'ala ya halatta ci da sha, ya kuma hana israfi a wuri ɗaya. Kuma Imamu Tirmizi ya ruwaito hadisi daga Miƙdamu ɗan Ma'adikariba, Allah ya yarda da shi, wanda ma'anarsa take nuna cewa 'yan lomomin da za su tsayar da ƙashin bayan mutum sun ishe shi, in kuwa ba makawa sai ya ƙara, to ya kasa cikinsa uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Imamu Gazali ma a cikin Ihya'u Ulumiddini ya keɓe babi guda ga ladubban ci, da wani ga karya sha'awar ciki. Sai ga shi watan Ramadan, wanda aka shar'anta domin horon rai, a gidaje da yawa ya zama watan da kaskon suya ba ya sauka daga murhu: ƙosai, da soyayyen dankali da doya da ƙwai, da fanke, da awara, da lemo mai sanyi, duk a zama ɗaya bayan kiran magariba, har mutum ya tsaya tarawihi numfashi yana yi masa wuya, a ƙarshen wata kuma wasu su hau ma'auni su tarar sun fi yadda suka shiga nauyi. Sunna kuwa ita ce a buɗe baki da dabino ko ruwa, kuma wanda ya yi haka ya tashi ya yi salla kafin ya zauna ga abinci, ya ba cikinsa lokacin isar saƙon ƙoshi da muka ambata.

Kada wani ya ji wannan jawabi ya ce gobe zai daina cin abinci. A shekarun 1944 da 1945, a Jami'ar Minesota, Ancel Keys ya gwada rage abincin samari 36 kusan rabi har tsawon wata shida, suka zubar da kimanin rubu'in nauyinsu. Amma tunanin abinci ya mamaye zukatansu dare da rana, kuma da aka sake su, da yawansu suka yi ta ci ba ƙaƙƙautawa har kitsen jikinsu ya wuce na farko. Jiki idan aka tsananta masa da yunwa, rage kashewa yake yi ya ƙara rowa, kuma ranar da ya samu sai ya rama. Shayin rage tumbi da ake tallatawa a waya ma, mafi yawansa gudawa da fitsari yake sawa, ruwa ne yake fita, kitsen yana nan.

Kada kuma wani ya mayar da wannan magana sandar dukan mai ƙiba, domin izgili haramun ne, kuma mutane ba su zama ɗaya ba a halitta. Akwai gado, akwai haihuwa bayan haihuwa da zaman jego, akwai ƙarancin barci, akwai magunguna da cututtukan da suke kawo ƙiba, akwai kuma wadda baƙin ciki da kaɗaici suka sa ba ta da abokin hira sai kwano. Har yunwar da uwa ta sha tana da ciki tana da tasiri: a ƙasar Holan, bayan yunwar hunturun 1944 zuwa 1945, an bincika samarin da iyayensu mata suka sha yunwar a farkon cikinsu, aka tarar ƙiba ta fi yawa a cikinsu da suka kai shekara 19; wannan kuwa abin lura ne ƙwarai a ƙasar da yara da yawa suka taso cikin rashi, sa'an nan suka girma suka shigo birni.

Wanda yake so ya san inda yake, ba sai ya nemi na'ura ba. Ya samo zare ko igiya, ya auna tsawonsa daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, ya yanke, ya ninka shi biyu, sa'an nan ya zagaya shi a cikinsa daidai saman cibiya kaɗan, ba tare da ya shanye ciki ba. Idan bakin zaren biyu suka haɗu, to madalla, idan kuwa suka kasa haɗuwa, kitsen ciki ya fara yawa, kuma shi ne mafi kusanci da ciwon sukari da hawan jini. Daga nan gyara a cikin gida yake farawa, kuma da kaɗan-kaɗan: uwar gida ta riƙa auna mai da cokali maimakon kwarara shi daga galan, malmala uku ta koma biyu a ƙara miyar ganye, cokali huɗu na sukari ya koma uku har harshe ya saba ya koma biyu, a ci abincin dare da wuri, a bar yaro ya tsame hannu idan ya ce ya ƙoshi, baƙo kuma idan ya ce alhamdu lillahi a karɓa masa. Mai gida ya taka da ƙafa zuwa masallaci da kasuwa, domin abin da ake nema ga baligi shi ne aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin sa'a a rana, kwana biyar a mako. Ya kuma sama wa iyalinsa halin yin haka, ko da zagayen tsakar gida ne da sanyin safiya, domin matan da ba sa fita sun fi kowa bukatar wannan. Mai ciwon sukari da yake shan magani ko yake yin allura, da mai juna biyu, da mai shayarwa, da mai ciwon ƙoda, kada ɗayansu ya rage abinci da ra'ayin kansa sai ya shawarci likita, domin saukar sukarin jini ga mai shan magani tana iya kai shi ga suma. Wanda kuma zarensa bai haɗu ba, ya je asibiti mafi kusa a auna masa jini da sukari, ko da kuwa ba ya jin ciwon komai.

A nan za mu dakata a shirinmu na yau.